Damo a ɗaure: tsohuwar al'adarmu da dangin ƙadangare

Tsakanin Janbako da Bakura da Talata Mafara, ƙadangare bai taɓa zama abin kiwo ba. Jan gwada yana kan katanga yana gyaɗa kai, yara su bi shi da danƙo, tsohuwa ta kore shi daga bakin randa, shi ke nan. Waɗanda ake kamowa a kawo gida su ne manyan: damo na tudu, guza ta bakin gulbi, wani lokaci kunkuru.

Mafarauta ne tushen al'adar. Da rani suke haƙo damo daga rami ko daga cikin suri, karnuka na nuna musu wuri. Nama a ci, kitse a kai wa masu magani, fata a kai wa dukawa. Malamanmu ba su hana ci ba, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, inda Khalid bin Walid ya ci naman dabbar da muke fassarawa da damo a gaban Manzon Allah (SAW): shi bai ci ba, bai kuma haramta ba.

Fata ce ta mayar da abin kasuwanci. Da layin dogo ya bi ta Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatar jar akuya ne manyan kaya, amma fatar guza da ta mesa ma sun sami masu saye, don Turawa na yin jaka da takalmi da su. Sai a 1975 yarjejeniyar CITES ta fara aiki, ta sa damo da guza cikin dabbobin da ba a fitar da su sai da takarda, gwamnatin soja ta Janar Buhari kuma ta kafa doka mai lamba 11 a 1985 kan wannan fatauci. Ana cikin haka gulbin kansa ya sauya. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori daga 1974 zuwa 1978, ambaliyar da ke jiƙa fadamu ta ragu, rikicin diyya ya ƙare da zubar da jinin manoma a Afrilun 1980. A irin wannan tashin hankali, wa zai tambayi inda guza ta koma?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne damon da ake bari da rai. Ina yaro, ranar kasuwar Talata akwai mai magani da ke shimfiɗa buhu, ya jera sassaƙe da ƙulle-ƙulle, a gefe ga damo an ɗaure shi da igiya a ƙugu don ya tara masa jama'a. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Damon ya buɗe baki, fatar gefen cikinsa ta yi laƙwas, idanunsa sun faɗa. Wani dattijo ya ce, "Malam, ba ka ba shi ruwa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai damo ne, sarkin haƙuri, iska yake sha."

Wannan magana tana da asali, amma an karkatar da ita. Da damina damo kan ci ya ƙoshi da fara, ƙadandoniya, kunama da katantanwa, ya tara kitse. Da rani sai ya shige rami mai sanyi da laima, ya kwanta watanni yana cin wannan kitsen. Mafarauta sun ga haka, suka ce ba ya ci ba ya sha. To, wanda aka ɗaure a fili an raba shi da ramin da haƙurin nasa ya dogara a kai. A ganina ƙishirwa ce take kashe shi a hankali, mu kuma muna yi masa kirari.

Yanzu 'ya'yanmu na ganin wani ƙadangare a waya ana yi masa wanka a roba, suna dariya. Shi ne mai gemu na busassun dazuzzukan tsakiyar Ostireliya, kuma a wurin masana danginsa ɗaya da jan gwadanmu. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, amma aka yi fasa-ƙwaurinsa, aka hayayyafa shi a waje, zuwa shekarun 1990 ya shiga gidajen Amurka. Su ma can da farko sun yi ta asararsa: ƙashinsa ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, don babu rana a ɗaki babu sinadarin kalsiyam a abinci. Daga nan aka koyi kunna masa fitila mai haske irin na rana, a barbaɗa garin kalsiyam a kan gyare kafin ya ci. Ƙarami ƙwari ya fi ci, babba ganye ya fi yawa a kwanonsa. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne a gare shi. Wanka kuwa da ruwa mai ɗumi kaɗan ne, kada ya wuce kafaɗarsa, minti 10 zuwa 15, mutum na tsaye a kansa. Kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada a haɗa robarsa da kwanukan girki, domin a 2014 hukumar CDC ta Amurka ta gano ɓarkewar cutar salmonela daga waɗannan ƙadangaru, ƙananan yara na cikin waɗanda suka fi kamuwa.

Rana da gyare da fara, mu ba sai mun saya ba. Abin da muka hana namu shi ne inuwa da ruwa. Malaman da suka halatta mana naman damo su ne dai suke karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci. Duk mai damo ko kunkuru a gida, ya kwance igiyar, ya ajiye masa kasko marar zurfi da ruwa mai tsabta a inuwa, ya bar masa wurin haƙa rami. In ba zai iya ba, ya mayar da shi daji kafin bazara.