Hannah Roberts da Daƙiƙa 60 na Tokyo: Yadda Wasan Yara Ya Kai Olamfik

Ranar 1 ga Agusta, 2021, a filin Ariake da ke birnin Tokyo, wata budurwa 'yar Amurka mai shekara 19 ta kammala zagayenta na farko a kan ƙaramin keke, alƙalai suka ba ta maki 96.10. Ta yar da keken, ta fashe da kukan murna. Mutane da dama a wurin sun ɗauka an gama, domin Hannah Roberts ta zo gasar ne tana riƙe da kambun duniya. Ba a daɗe ba zinaren ya kuɓuce mata. Fahimtar abin da ya faru a ranar na buƙatar a koma baya shekara hamsin.

Wasan BMX ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya, wajen ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. Yara da ba su da halin sayen babur suka riƙa kwaikwayon masu tseren babura, suna gudu da kekunansu a filayen ƙasa masu tudu da kwari. Daga baya wasu, irin su Bob Haro, suka karkata daga tsere zuwa nuna gwaninta: tashi sama, juya keke, alkafura. Wannan reshe shi ne wasan gwaninta, wanda ake yi da keke mai ƙafa inci 20, a filin da aka gina da gangara da bangaye masu lanƙwasa. Gasar X Games, wadda aka fara a 1995, ta kai shi gidajen talabijin, amma shekara da shekaru maza ne ke cin moriyarsa. Matan da ke hawa ba su da gasa ta dindindin, balle kuɗin da za su rayu a kai.

A cikin wannan yanayi aka haifi Hannah Roberts, ranar 10 ga Agusta, 2001, a South Bend ta jihar Indiyana, ta kuma tashi a ƙaramin garin Buchanan da ke jihar Mishigan. Wani ɗan'uwanta, Brett Banasiewicz, yana cikin fitattun mahaya na lokacin, kuma ta hanyarsa ta san wasan. Ta fara hawa tana da kimanin shekara tara. Tana da shekara goma ta faɗo daga kan gangara, ta karya gaɓoɓi biyu na ƙashin bayanta. A 2012 kuma shi Brett ɗin ya yi mummunar faɗuwa, ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, abin da ya datse masa gasa yana kan ganiyarsa. Tun tana ƙarama ke nan ta ga farashin wannan sana'a a jikinta da kuma a cikin danginta, amma ta koma kan keke.

Sa'arta ita ce ta balaga a daidai lokacin da ƙofa ke buɗuwa. Hukumar kekuna ta duniya, UCI, ta karɓi wasan gwaninta a ƙarƙashinta, kuma a watan Yunin 2017 kwamitin Olamfik na duniya ya sanya shi cikin wasannin Tokyo, da lambobi ga maza da mata baki ɗaya. Wannan hukunci ya sauya lissafi. Ƙasar da ke son lamba dole ta nemo mata mahaya, ta ɗauki nauyin horonsu da tafiye-tafiyensu. A ƙarshen wannan shekarar aka yi gasar duniya ta farko a birnin Chengdu na ƙasar Sin, Hannah ta lashe ta tana da shekara 16. A 2018 ta zo ta uku, 'yar ƙasarsu Perris Benegas ta ɗauki kambun. Ta ƙwato shi a 2019, ta sake ci a Montpellier ta Faransa a 2021, makonni kaɗan kafin Tokyo.

Tsarin gasar shi ke bayyana abin da ya same ta. A wasan ƙarshe kowace mahayiya tana da zagaye biyu na daƙiƙa 60, kuma mafi kyau daga cikinsu kaɗai ake ƙirgawa. Alƙalai na duba wahalar salon, tsayin tashi, tsaftar sauka, da yadda aka yi amfani da filin. Tunda faɗuwa a zagaye ɗaya ba ta ɓata ɗayan, tsarin yana saka wa mai kasada. Charlotte Worthington ta Birtaniya, wadda ta taɓa aikin girki a wani gidan abinci kafin ta rungumi wasan, ta fahimci haka sarai. A zagayenta na farko ta gwada alkafurar baya haɗe da cikakken juyi a sama, ta faɗi. A na biyu ta sake gwadawa, ta sauka daram. Babu macen da ta taɓa yin wannan salon a gasa kafin ranar. Aka ba ta 97.50. Hannah ce ta hau a ƙarshe, ƙafarta ta zame tun da wuri, ta haƙura. Ta tafi da azurfa, Nikita Ducarroz ta Suwizalan ta samu tagulla.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa rashin zinaren bai karya ta ba. Ta ci gasar duniya a Abu Dabi a 2022, ta sake ci a Glasgow a 2023, kambu na biyar ke nan tana da shekara 21. Sai dai filin da ta taimaka aka share ya cika da sababbin fuskoki. Ƙasar Sin ta zuba jari mai yawa a ɓangaren mata, ta ɗauko Daniel Dhers, gwanin ƙasar Benezuwela da ya ci azurfa a Tokyo, domin ya horar da 'yan wasanta. A Olamfik na Paris, ranar 31 ga Yuli, 2024, Hannah ta shiga wasan ƙarshe tana kan gaba a zagayen share fage, amma faɗuwa ta mayar da ita ta takwas. Deng Yawen ta ƙasar Sin, mai shekara 18, ita ta ɗauki zinare, Benegas ta biyo ta, Natalya Diehm ta Ostareliya ta zo ta uku.

Tarihin Hannah Roberts ya ƙunshi darasi game da yadda hukuncin hukumomi ke sauya rayuwar mutum. Da an haife ta shekara goma kafin lokacinta, da gwanintarta ta tsaya a filayen unguwa, kamar ta matan da suka gabace ta. Da ƙofar ta buɗe, ita ta fara shiga, ta ɗaga matsayin wasan har sai da ya zama dole ga mai son doke ta ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Worthington ta yi hakan a Tokyo. 'Yan matan Sin kuma, waɗanda suke ƙanana lokacin da Hannah ta ci kambunta na farko a Chengdu, su ne yau take fafatawa da su a kan hanyar Olamfik na Los Angeles a 2028, wanda za a yi a jihar da wasan ya faro.