Raina Kama da Sauransu: Yadda Marubutan Kano Suka Tallafi Juna

Duk wanda ya sayi littafin soyayya a Kasuwar Sabon Gari ko Kurmi a farkon shekarun 1990 zai tuna abin da ke biyo bayan "mu haɗu a littafi na biyu". Shafi ne guda, wani lokaci biyu, cike da sunayen littattafai, kuma mafi yawansu ba na marubucin da aka gama karanta labarinsa ba ne. Na abokan tafiyarsa ne. Mutum ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, takarda na tsada, amma ya ware wuri ya tallata hajar wani. Wannan ɗabi'a ce ta riƙe ƙagaggen labarin Hausa a lokacin da manyan kamfanoni suka sake shi.

Kafin wannan zamani, hanyar zama marubuci ɗaya ce, kuma ta Zariya ta bi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka yi hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Gasar da NNPC ya shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980. A duk tsawon wannan lokaci, marubuci rubutu kawai ya sani. Ya aika, ya zauna jiran amsa. Tacewa da bugawa da rarrabawa duk aikin wasu ne.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ya cika makarantun firamare da yara, waɗanda bayan shekara goma suka zama samari da 'yan mata masu iya karatun boko da ƙishirwar abin karantawa. A daidai lokacin kuma, a 1986, gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tashin gwauron zabo. Kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta, inda cinikin yake da tabbas. Ga masu karatu birjik, ga masu rubutu, amma babu mai haɗa su.

Wasu suka ƙi jira. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987. Sai dai bugawa da kanka aiki ne mai sarƙaƙiya. Wane maɗaba'i ne ba zai cinye maka kuɗi ya bar aikin a rabi ba? Wa ya iya zanen bango? Wane mai shago ne ke biya idan kaya sun ƙare, wane ne kuma sai ka gaji da sintiri? Ba a makaranta ake koyar da wannan ba, a bakin wanda ya riga ka faɗawa ramin ake ji.

A nan ƙungiyoyi suka shigo, kuma wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, da ta taso a Kano a ƙarshen shekarun 1980. Jiga-jiganta sun haɗa da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu. Ba kamfani ba ce, kowa da kuɗinsa yake buga nasa. Abin da suka haɗa shi ne suna da tambari da masaniya. Sabon marubuci ya zo da rubutunsa a littafin makaranta, a duba masa, a nuna masa inda zai kai, sunan littafinsa ya shiga jerin na 'yan ƙungiya. Da In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990 ya samu karɓuwar da ba a saba gani ba, duk yarinyar da ta bi labarin Sumayya da Muhammad har ƙarshe ta ci karo da sunayen wasu littattafan da za ta tambaya a shago gobe. Nasarar mutum ɗaya ta zama jarin kowa. Har wani sabon salon haruffa na rubuta Hausa 'yan ƙungiyar suka riƙa sakawa a littattafansu. Bai yi nisa ba, amma ya nuna girman burinsu.

Wasu ƙungiyoyin irin su Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka bi sahu. Tsarin kamar adashi ne: kowa ya zuba abin da yake da shi, ranar kwasarsa ta zo. Su kuma masu shagunan littattafai, waɗanda ba a cika ambatonsu ba, su ne suka kai kayan Kaduna da Sakkwato da Jos, har tsallaken iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Da yawansu daga baya suka fara zuba kuɗin bugawa da kansu, abin da ya sauƙaƙa wa marubuta fitowa, ya kuma sa wasu suka rasa iko da guminsu. Gidajen rediyo da ke karanta littattafan sun ƙara kai su kunnen matan aure a cikin gida, har da waɗanda ba su iya karatu ba.

Haɗin kan ya yi rana ranar da suka ta zo. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba adabi mai ɗorewa ba ne, aka shafe shekaru ana musayar alƙalami a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Akwai gaskiya a wani ɓangare na sukar: kurakuran ƙa'idojin rubutu sun yi yawa, kuma abokantaka kan hana a faɗa wa aboki cewa labarinsa bai nuna ba. Amma yawan aikin ya fi ƙarfin a yi watsi da shi. Kundin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004 ya lissafa littattafai sama da 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002.

Gwaji mafi tsanani ya zo daga hukuma. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano. Sannan Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta buƙaci kowane marubuci ya yi rajista da ita. Da a ce ɗaiɗai suke, da an bi su an tsince. A 2008 ƙungiyoyin marubuta, har da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA), suka haɗa baki suka dakatar da aiki na wasu makonni, kuma da sunan ƙungiyoyi aka zauna da hukumar.

Raina Kama kanta ba ta ɗore da ƙarfinta na farko ba. Harkar finafinan bidiyo ta Kano, wadda ta fara da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta janye manyanta da dama. Gidan Dabino ya mayar da littafinsa fim, Balaraba ma ta shiga shiryawa. Amma al'adar ta wuce ga na baya. Mata, waɗanda suka zama mafi rinjaye a fagen, suka kafa nasu ƙungiyoyin irin su Kallabi da Mace Mutum. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wadda Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla duk shekara.