Daga Zabirar Wanzami zuwa Kwalin Kamfani

Kafin zuwan asibiti, kayan jinya a ƙasar Potiskum da Nangere cikin zabirar wanzami suke, wato aska da ƙaho. Maƙerin gari ke ƙera askar. In ta cuci wani, kowa ya san maƙerar da ta fito. Zamanin Turawa ne ya kawo kamfanoni irin su May & Baker, wanda ya kafu a Ikko a 1944. Daga bisani sari ya tattaru a Sabon Garin Kano, inda masu kyamis ɗinmu suka riƙa sayo sirinji da magani, nagari da jabu a cakuɗe, ba mai sanin maƙerarsu. An kafa hukumar NAFDAC a 1993, amma sai a 2024 aka tashi dillalan zuwa Dangwauro.