Tarihin Haɗin Kan Ƙasashen Mashigin Tekun Gini Wajen Tsaron Teku (2001-2022)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda ƙasashen da ke gaɓar Mashigin Tekun Gini suka haɗa kai domin tsaron ruwansu da kuma cin gajiyar arzikin da Allah Ya ajiye a cikinsa. Ta wannan mashigi ake fitar da ɗanyen man Nijeriya da na Angola, ta nan kuma kayan masarufi ke shigowa tashoshin Legas da Kwatano da Lome kafin a yi dakonsu zuwa kasuwannin Kano da Maraɗi. Saboda haka duk abin da ya taɓa tsaron tekun, ya taɓa aljihun talakan da bai taɓa ganin teku ba.

3.1 Matakin Farko

A shekarar 2001 aka sa hannu a birnin Libreville na ƙasar Gabon kan yarjejeniyar kafa Hukumar Mashigin Tekun Gini, wadda hedkwatarta take Luanda. A wannan shekara ce kuma Nijeriya da Sao Tome suka amince su haƙa man da ke yankin tekun da suke taƙaddama a kai tare, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome ta ɗauki kashi 40. Sai dai hukumar ta daɗe ba ta taɓuka wani abin a-zo-a-gani ba. Daga cikin dalilan hakan akwai rashin yarda da juna, musamman rikicin Bakasi tsakanin Nijeriya da Kamaru, wanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansa a 2002, amma ba a kammala miƙa yankin ga Kamaru ba sai a 2008.

3.2 Barazanar 'Yan Fashin Teku

Abin da ya farkar da ƙasashen shi ne asarar da suka fara tafkawa. A shekarar 2011 'yan fashin teku suka matsa wa jiragen dakon mai lamba a ruwan Jamhuriyar Benin, suna kame jirgi su juye man da ke cikinsa su sayar. Kamfanonin inshora na Landan suka sanya ruwan ƙasar cikin wurare masu haɗari, jiragen da ke zuwa Kwatano suka ragu, alhali kuwa harajin tashar yana daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Shugaba Boni Yayi ya kai kukansa ga Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Satumba na 2011 sojojin ruwan ƙasashen biyu suka fara sintirin haɗin gwiwa. Kwamitin Sulhu kuma ya zartar da ƙuduri mai lamba 2018 a watan Oktoba na 2011, da mai lamba 2039 a watan Fabrairu na 2012, inda ya nemi ƙasashen yankin su tsara shiri guda.

3.3 Yarjejeniyar Yawunde

A watan Yuni na 2013 ƙasashe 25 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka amince da Yarjejeniyar Yawunde. Muhimmancinta shi ne ta haɗa ƙungiyar ECOWAS da takwararta ta Afirka ta Tsakiya, waɗanda a da kowacce take harkarta ita kaɗai, ta yadda ɗan fashi kan tsere daga ruwan wannan ƙasa zuwa na waccan ba tare da an bi shi ba. An kafa babbar cibiyar haɗin kai a Yawunde, da cibiyoyin yanki a Abijan da Pointe-Noire, sannan aka karkasa tekun shiyya-shiyya. Shiyyar da cibiyarta take Kwatano an tsara ta ne da Nijeriya da Benin da Togo da kuma Nijar, duk da cewa Nijar ba ta da gaɓar teku, domin kayanta ta waɗannan tashoshi suke bi.

Amma yarjejeniyar ba doka ce mai tilasta wa kowa ba. Bugu da ƙari, yawancin ƙasashen ba su da isassun jiragen sintiri, ba su kuma da dokar hukunta ɗan fashin teku, saboda haka ko an kama shi sai a rasa laifin da za a tuhume shi da shi. 'Yan fashin kuwa suka koma garkuwa da ma'aikatan jirgi domin neman kuɗin fansa. A shekarar 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 135 a duniya baki ɗaya, 130 daga cikinsu a wannan mashigi.

3.4 Sauyin da Aka Samu

Al'amura sun fara sauyawa ne bayan Nijeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019. A watan Yuni na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue, wanda ya ƙunshi jiragen ruwa da na sama. Wata guda bayan haka Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure mutum 10 da suka kame wani jirgin kamun kifi na Sin, ita ma Togo ta ɗaure wasu 'yan fashin a cikin watan. Hare-haren da aka ba da rahotonsu sun ragu daga 81 a 2020 zuwa 34 a 2021. A watan Mayu na 2022 Kwamitin Sulhu ya sake zartar da ƙuduri mai lamba 2634, yana kira ga sauran ƙasashen su sanya laifin fashin teku cikin dokokinsu.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sa hannu a takarda kaɗai bai kawo tsaro a tekun ba. An ga amfanin haɗin kan ne a lokacin da ƙasashen suka samar da doka da kayan aiki a gida, sannan suka riƙa musayar bayanai da maƙwabtansu. Har ila yau da sauran aiki, domin satar ɗanyen mai da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba da talaucin da ke tura matasan yankin Neja-Delta cikin fashi, matsaloli ne da sintiri kaɗai ba zai magance su ba.