Ido Ba Mudu Ba Ne: Tarihin Auna Giya a Jinin Direba da Darasinsa ga Hanyar Illela

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tarihin tuƙi cikin maye ya amince da rabin farko na wannan karin magana, ya yi jayayya da rabi na biyu. Kusan shekara 40 hukumomi a Turai suka yi suna auna direba mashayi da ido, kafin su gane cewa ido bai san kimar abin da ke gudana cikin jini ba. A wannan muƙala zan bibiyi yadda aka baro ido aka koma ga mudu, da abin da mudun ya tona game da nauyin jiki da bambancin namiji da mace, sannan in faɗi dalilin da ya sa nake ganin garinmu Illela na bukatar wannan ilimi, ko da yake giya haramun ce a addininmu da dokar jiharmu.

A ranar 10 ga Satumba, 1897, 'yan sandan Landan suka kama wani direban tasi mai suna George Smith bayan ya afka wa wani gini da motarsa. Shi ake ambata a matsayin mutum na farko da aka kama da laifin tuƙi cikin maye. A wancan zamani hujjar kotu ba ta wuce warin baki da tangaɗi da sarƙewar harshe ba. Wanda ya saba da sha kuwa ya iya ɓoye waɗannan alamu, sai ya tsaya kyam gaban likita ya kuɓuta, alhali ganinsa da saurin taka birkinsa sun riga sun raunana.

Wanda ya ƙera mudun shi ne Erik Widmark, malami a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin. A 1922 ya fito da hanyar auna giya daga ɗan ɗigon jinin yatsa, a 1932 kuma ya wallafa lissafin da har yau kotuna ke amfani da shi. Abin da ya gano mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya taɓa jiƙa gishiri. Cokali guda a ƙaramar ƙwarya zai sa ruwan ya gagari sha, amma a randa da ƙyar a ji ɗanɗanonsa. Giya ma haka take: tana narkewa cikin ruwan jiki, ba ta shiga kitse sosai. Mai babban jiki randarsa babba ce, siriri kuwa ƙwarya gare shi. Haka nan idan mutum biyu nauyinsu ɗaya, ɗaya mai tsoka ɗaya mai teɓa, jinin mai teɓar zai fi ɗaukar giya domin ruwan jikinsa bai kai na ɗan'uwansa ba.

Daga nan ne bambancin jinsi ya bayyana. Halittar mace ta fi ta namiji yawan kitse da ƙarancin ruwa, don haka Widmark ya ba namiji ma'aunin 0.68, mace 0.55, wato kason nauyin jiki da giya ke bazuwa a ciki. A 1990 wasu masu bincike daga Italiya da Amurka suka ƙara da rahoton cewa sinadarin da ke fara ƙone giya tun a tumbi bai kai ƙarfi a jikin mata kamar na maza ba.

Na gwada lissafin Widmark da kwalba guda mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, wadda ke ɗauke da giram 24 na tsantsar giya. Ƙato mai kilo 90 jininsa zai kai kimanin kashi 0.04 cikin ɗari. Saurayi mai kilo 55 zai kai 0.06. Mace mai kilo 55 za ta kai 0.08. Kwalbar ɗaya ce, amma macen ta ninka ƙaton. Hanta kuma ba ta san gaggawa ba, kusan 0.015 kaɗai take ragewa a kowace sa'a, kuma goro ko shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri.

Da mudu ya samu sai doka ta biyo baya. Nowe ce ƙasar farko da ta kafa iyaka a 1936, ta ce duk direban da ya haura 0.05 ya yi laifi, ko yana tangaɗi ko ba ya yi. A 1954 Robert Borkenstein, jami'in 'yan sandan jihar Indiyana a Amurka, ya ƙirƙiro na'urar busawa mai auna giya daga numfashi. Binciken da ya jagoranta a birnin Grand Rapids, wanda ya fito a 1964, ya nuna haɗarin mota na hauhawa da sauri da zarar an kusanci 0.08. Birtaniya ta ɗauki wannan adadi a 1967 ƙarƙashin ministar sufuri Barbara Castle. Suwidin ta sauko zuwa 0.02 a 1990, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar kada a wuce 0.05.

Yankinmu ya bi wata hanya dabam. Tun kafin zuwan Turawa, Daular Sakkwato tana bisa shari'ar da ta haramta giya. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi wuraren Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Turawan Ingila, bayan sun ci Sakkwato a 1903, sun bar Arewa cikin wannan hani. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layin da ya bar Birnin Ƙonni a hannun Faransa, Illela a hannun Ingila, garuruwa biyu masu harshe ɗaya da dangi ɗaya da 'yan kilomitoci a tsakaninsu. Yau Jihar Sakkwato na aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, Jamhuriyar Nijar kuwa dokarta ba ta hana sayar da giya ba. A taƙaice, yayin da Turai ke tambayar nawa direba ya sha, mu tambayarmu ita ce ko ya sha, kuma da yake amsar abin kunya ce, sai muka rufe zancen gaba ɗaya.

Sai dai hanya ba ta san wannan shiru ba. Titin da ya ratsa Kware da Gwadabawa ya iso Illela shi ne ƙarshen babbar hanyar da ta taso tun daga Legas, yana kuma haɗuwa da hanyoyin Yamai da Maraɗi da Tawa a Ƙonni. Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, manyan motocin shanu da hatsi na cakuɗuwa da 'yan kabu-kabu da amalanke da masu tafiya a ƙasa. Direbobin sun fito daga ƙasashe da addinai dabam-dabam. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, 'ya'yanmu da ke sha a ɓoye. Mai sha a ɓoye shi ya fi kowa haɗari: yana kwankwaɗa da sauri gudun kada a gan shi, galibi cikinsa babu abinci, kuma yakan zaɓi barasar leda mai ƙarfi domin ta fi sauƙin ɓoyewa, irin wadda hukumar NAFDAC ta sanar da haramtawa a 2024. Sau da yawa saurayi ne siriri, wato mai ƙwarya, da ke kwaikwayon wani ƙato mai randa. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen taka birki ya isa ya raba uwa da ɗanta a bakin tasha.

Ana iya cewa mata ba su cika tuƙi a nan ba, don haka kasonsu na lissafin bai shafe mu ba. Ni a ganina ya shafe mu, domin shi ne hujja mafi ƙarfi da ke rushe ƙaryar nan ta «kwalba ɗaya ba ta komai». Idan jinsi kaɗai na iya sauya sakamako haka, to babu adadin da wani zai gwada a jikinsa ya ba wani tabbaci da shi. Ana kuma iya cewa koyar da wannan lissafi tamkar nuna wa matasa gejin da za su sha ne. Amma wanda ya fahimci Widmark da kyau zai ga cewa nauyi da jinsi da abinci da lokaci duk suna juya adadin, har ba mai iya sanin matsayinsa da ji a jiki. Amsar da ta rage wa direba ita ce sifili, kuma a nan kimiyya da addini suka haɗu.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma tuƙi cikin maye laifi ne a dokokinta. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri daga nan Illela, abin da ke nufin ƙarin motoci da ƙarin gudu nan gaba. Kafin wannan lokaci, ina ganin ya dace a ajiye na'urar busawa a mashigar iyaka, a riƙa gwada kowane direba ba tare da duban suna ko sutura ba, ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu kuma su koya wa mambobinsu misalin ƙwarya da randa, malamai su haɗa da shi cikin wa'azinsu kan alhakin ran da aka ɗauko a mota. Nowe ta ajiye ido ta ɗauki mudu tun 1936, mu kuwa har yanzu da ido muke tantance wanda za mu miƙa wa rayukanmu a tasha.