Wa Zai Kawo Fasinjan Jalingo Abuja?

A sana'armu ta tsara tashi da saukar jirage, abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne babban jirgi ba ya cika kansa. Wanda zai tashi daga Abuja zuwa Jidda ko Landan yana bukatar mai tattaro masa mutane daga Yola da Sakkwato da Jalingo, kamar yadda ƙananan motocin ƙauye ke zube fasinja a tasha kafin doguwar mota ta ɗaga. Najeriya ta taɓa iya wannan aikin tattarowa, ta sake shi, kuma har yau ba ta kama shi da hannu biyu ba.

Jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan ne a Kano a 1925, amma jigilar da ta haɗa garuruwanmu ta kankama ne da kamfanin WAAC na ƙasashen Afirka ta Yamma, sannan Nigeria Airways da ya gaje shi a 1958. Magabatanmu a wannan aiki ba sa gajiya da labarin Fokker F27, jirgi mai farfela biyu da kujeru arba'in da 'yan kai. Shi ne ke leƙa Kaduna da Jos da Kano da Maiduguri da Yola da Sakkwato, ya sauke goma a nan, ya ɗauki sha biyar a can. Tun da kamfani ɗaya ne, tikiti ɗaya ke kai mutum daga garinsu har ƙasar waje, kuma ba a tambayar kowace hanya ribarta ita kaɗai. Bashi da rashin riƙo suka cinye kamfanin, ya daina tashi a 2003. Da yawa sun yi kukan rashin jirgi mai tambarin giwa a Landan. Ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ƙananan hanyoyin da suka mutu babu ko mai ta'aziyya.

Tun kafin nan 'yan kasuwa sun shigo. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, Okada Air ta biyo baya daga Benin, sai Chanchangi a Kaduna, daga baya IRS. Sun yi namijin ƙoƙari, domin su suka sa ɗan kasuwar Kantin Kwari ya saba da hawa jirgi. Sai dai jiragen da suka saya, irin su BAC 1-11 da Boeing 727, manya ne kuma masu shan mai, dole su bi inda jama'a take. Da gwamnati ta dawo Abuja a Disambar 1991, sai hanyar Legas zuwa Abuja ta zama rijiyar kowa, Fatakwal na biye. Duk wanda ya samu lasisi can yake nufa.

Daga nan muka shiga baƙaƙen shekaru. Jirgin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002. Jiragen Bellview da Sosoliso suka faɗi a 2005. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga nan Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙan su. Gwamnati ta tsaurara doka, ta ce zuwa 2007 sai kamfanin jigilar cikin gida ya mallaki jarin naira miliyan 500. Gyaran ya zama dole, kuma rayuka sun tsira a dalilinsa. Amma awo ɗaya aka yi wa mai son haɗa Minna da Abuja da ƙaramin jirgi da kuma mai Boeing goma, kuma duk wanda ya tara irin wannan jari ba zai kai shi hanyar fasinja ashirin ba.

Kamfanin da ya rungumi wannan aiki da gangan shi ne Overland, na Kyaftin Edward Boyo. Da Beechcraft 1900 mai kujeru 19, daga baya da ATR, ya riƙa zuwa Ibadan da Ilori da Akure da Dutse da Jalingo, wuraren da manya ba sa waiwaya. Duk wanda ya taɓa cika takardar nauyin irin wannan ƙaramin jirgi ya san aiki ne na lissafi. Kowace jaka sai ta hau sikeli. Wani lokaci sai a roƙi fasinja, "Ranka ya daɗe, a taimaka a dawo kujerar gaba," don nauyi ya daidaita. Idan rana ta take a watan Afrilu, iska ta yi zafi, jirgin ba zai ɗauki abin da ya ɗauka da asuba ba, sai a rage kaya ko a rage mai. Lokacin hunturu kuwa ido na kan rahoton masu hasashen yanayi, ana jiran hazo ya sassauta. In la'asar ta yi ba a tashi ba, an fasa ke nan, domin filaye da dama ba su da fitilun sauka, rana na faɗuwa ake rufe su. Jirgin da ba ya aiki da dare kuwa, bashinsa ba ya barci.

Akwai kuma abin da ke zukatan fasinjojinmu. Sau da yawa mutum zai hango jirgin ta taga ya ce, "Mai farfela ne? A'a, zan jira na gobe." Alhali a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, mintoci kaɗan ne tsakaninsa da babban jirgi, kuma man da yake sha bai kama ƙafar na wancan ba. Wannan tsoron na cikin abin da ya tura kamfanoni sayen Embraer 145 mai kujeru 50, irin na United Nigeria da Rano Air. Jirgi ne mai kyau, amma kuɗin kowace kujera ya fi tsada. Tikiti da naira ake sayarwa, kayan gyara da inshora da horon matuƙa duk da dala. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga kusan naira 190 zuwa 700, kuma ƙananan hanyoyi aka fara yankewa.

Gwamnoni sun gina filaye masu kyau a Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe. Wasu jihohin sukan yi yarjejeniya da kamfani su biya kuɗin kujerun da ba a cika ba, jirgi ya yi ta zuwa, ranar da gwamnati ta sauya ko asusu ya bushe sai a wayi gari babu shi. Amurka tun 1978 take da tsarin tallafa wa jigilar ƙananan garuruwa daga asusun tarayya, Indiya ma ta kafa nata a 2016. A Amurkan, ƙaramin kamfani irin SkyWest yana tashi ne da sunan Delta ko United, babba ya sayar da tikiti, ƙarami ya kawo mutane.

Wannan haɗin shi ne babu a wurinmu. Mai barin Jalingo zuwa Sakkwato yakan sayi tikiti biyu daga kamfani biyu, ya karɓi jakarsa a Abuja, ya sake shiga layi. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗi sun tafi, ga kuɗin masauki. Na sha ganin dattawa zaune a zauren jira da magariba, riƙe da tikitin jirgin da ya riga ya tashi, ana ba su haƙuri. Gyara wannan bai kai gina sabon fili tsada ba. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na iya ware wa ƙananan kamfanoni nasu rukunin lasisi, ta kuma matsa wa manya su amince da tikitin juna, a sa fitilu a filayen da aka riga aka gina. Abuja na tsakiyar ƙasa, kusan kowane babban birnin jiha bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga nan ba, kuma jirgi mai farfela guda ɗaya zai iya zuwa uku daga cikinsu ya dawo a wuni ɗaya.