Wa Ke Ɗaukar Nauyin Wanda Ya Nakasa a Zugurma?

Manoman Zugurma, a ƙaramar hukumar Mashegu ta masarautar Kontagora, sun daɗe da sanin cewa asarar da ke karya gida ba iri ɗaya ba ce. Mutuwar magidanci daban, jinyar damina guda daban, nakasar da ba ta warkewa kuma daban, kowacce da hanyar da ake bi da ita. In rasuwa ce, a raba gado, ƙanin mamaci ya riƙe marayu, matar ta gama takaba ta wata huɗu da kwana goma. In kuwa mutum ya faɗo daga bishiyar ɗorawa ana tsakiyar noma, mai ɗori zai jera karare ya ɗaure ƙafar, samari su fito gayya da kiɗa, mata su dama kunu, a nome masa gonar a yini guda. Nakasa ta dindindin ce ta fi nauyi, don mai ita yana ci, yana neman magani, amma ya ajiye fartanya ke nan. A da, gandu ne ke ɗaukarsa: gona ɗaya, rumbu ɗaya, ana auna masa hatsi kamar kowa.

Shari'a ma ta zo da nata lissafin. Bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora a 1864, fiƙihun Malikiyya ne alƙalai ke hukunci da shi, kuma littafin Risala, wanda har yau ake karantawa a zaure, ya fayyace komai: diyyar rai raƙuma ɗari ko dinari dubu, hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma goma, haƙori biyar. Kisan kuskure kuwa dangin wanda ya yi ta wajen uba ke haɗa kuɗin, su biya cikin shekara uku. Wannan ya isa amsa ga masu ganin duk wani tanadin haɗin gwiwa rashin tawakkali ne, tunda addini da kansa ya rarraba asarar mutum ɗaya a kan jama'a. Sai dai diyya tana buƙatar wanda ya jawo ɓarnar, wanda maciji ya sara a gona ba shi da wanda zai kai ƙara. Kuma tsarin bai lulluɓe kowa ba: waɗanda hare-haren bayi suka raba da danginsu, kafin Turawa su ci Kontagora a 1901, ba su da gandun da zai tallafe su.

Yau gandu ya watse a gidaje da yawa, kowa da gonarsa ko babur ɗinsa na acaɓa. Gado da gudummawar rasuwa suna nan, gayya ta ragu amma ba ta mutu ba. Gurbin mai ɗaukar nakasasshe ne ya zama wayam. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da dokar fansho ta 2014, wadda ta wajabta inshorar rai ninki uku na albashin shekara, masu albashi suka shafa, ba manomi ba. Za a ce zumunci ya wadatar. Yana wadatarwa in gida ɗaya abin ya taɓa, amma ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 ta nuna yadda masu taimako da masu neman taimako kan rasa komai a dare guda.

Takaful, wato tsarin inshorar Musulunci, wanda aka fara a Sudan a 1979, hukumar kula da inshora ta ƙasa (NAICOM) kuma ta fitar masa da ƙa'idoji a 2013, ya ɗauke damuwar riba da caca ga masu wannan shakka. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya sa tanadin nakasa a gaba da na mutuwa, tunda nan ne tsohon tsari ya fi rushewa. Kafin ya sa hannu kuma ya tambaya: wace nakasa takardar takaful ɗin ta amince da ita, kuma in an biya shi kuɗinta, za a cire su daga abin da marayunsa za su karɓa?